Rigar Ankon Mahfuz

Wallahi in ba don ciki ɗaya muka fito da Mahfuz ba, da tuni na hau keke na zaga Keffi unguwa-unguwa ina ba da labarin nan. Ko yanzu ma ban yi wa kowa alkawarin yin shiru ba. Ƙanena ne, ni Halima Sadiya na goya shi, ni na share masa majina, amma abin da ya jawo mana a bikin Akram sai na faɗa.

Allah ya hore wa Mahfuz abu biyu, tumbi da baki, kuma har yau ban san wanda ya fi girma ba. Ma'aikaci ne a wani ofis a nan cikin gari. Sau ɗaya ya taɓa raka ogansu Abuja taron bita a kan kiwon lafiya, shi ne mai riƙe jaka. Tun daga ranar ba a ƙara yin ciwo a unguwarmu Gangaren Tudu ba tare da Mahfuz ya faɗi dalili ba. In ka yi atishawa ya ce kitse ne a jininka. In ka yi tuntuɓe ya ce ƙarancin bitamin.

Matarsa Mu'mina ta haihu, ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Agwada, ba dawowa sai an yi arba'in. A daidai lokacin aka sa ranar bikin Akram, amininsa tun suna yara, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Akram ya ce Mahfuz ne babban abokin ango, shi zai tsaya a damansa a hoto. Ba ƙaramin faɗa ya sha a gidansu a kan wannan ba, don ƙanensa Husaini ya sa rai. Akram ya je Kano da kansa ya sayo shadda ruwan zuma ta anko, daidai yawan abokansa, ba rarar ko ƙyalle. Kowa aka ba shi nasa aka ce ya kai ɗinki.

Ni da tausayi, ganin gida ba mace, na tuƙa tuwon masara da miyar alayyahu, na zuba a kula na kai masa da ƙafata. Ya buɗe, ya leƙa, ya yamutsa fuska, ya rufe.

"Yaya, wannan fa?"

"Tuwo ne. Ko ka mance kamanninsa?"

"Sitaci ne zalla. Wannan abin shi ya hana mu ci gaba."

"Shi dai ya raine ka, har ka kai girman da sai ka karkace kake shiga zaure."

Ya shafa tumbinsa yana murmushi. "Wannan? Baƙo ne, ya kusa tafiya. Ranar bikin Akram ba za ki gane ni ba. Kuma ba yunwa zan zauna da ita ba irin ta jahilai. A gidan abincin Madam Nneka zan riƙa ci, a can zan rame."

Gidan abincin Madam Nneka kuwa irin na zamanin nan ne da ke Sabon Gari, mai gilashi da sanyin esi, wanda za ka nuna abu ta bayan kanta a zuba maka nan take. Tun daga bakin titi kake jin ƙamshin suya. Na ce, "Ka rame a inda komai sai ya yi wanka a kaskon mai kafin ya fito?"

"Nan ilimi ya shigo, Yaya. Jahili ya shiga ya yi ƙiba, mai ilimi ya shiga ya zaɓa. Akwai abinci mai lafiya a wurin, ido ne ba ku da shi. Zan koya wa garin nan yadda ake cin abincin zamani."

Na ɗauki kulata na koma gida. Maigidana ya cinye tuwon ya yi hamdala, na kuma rantse ba zan ƙara kai wa Mahfuz ko ƙanzo ba.

Kashegari na je shagon Sikiru tela karɓar ɗinkina, sai ga Mahfuz ya shigo da shaddar a leda. Sikiru ya zaro tef ya zagaya tumbin, hannunsa da ƙyar ya haɗu. Kafin ya rubuta, Mahfuz ya riƙe tef ɗin ya ja numfashi ya matse, ya matse, har tef ya nutse ba a ganinsa.

"Nan za ka ɗinka."

Sikiru ya ce, "Oga Mahfuz, wannan ai ba awonka ba ne."

"Awona ne na ranar biki. Kai na yau kake gani, ni na gobe nake gani. Ka rage kafaɗa da hannu ma, duk za su sauka tare."

"To in bar maka ɗan rara a cikin ɗinki, in an ga hali sai a saki."

"Ka ji matsalarmu! Ba a fara ba an shirya faɗuwa. Yanke shi tas, a gabana."

Sikiru ya dube ni. Na ce, "Kada ka kalle ni, ba ni na haife shi ba." Ya ce, "Anti, ke ce shaida." Ya sa almakashi. Mahfuz ya tattara guntayen da aka yanke ya watsa a kwandon shara da kansa, wai don kada zuciyarsa ta yi rauni. Ya ce kaftanin ya matse jiki irin na samarin Abuja, kuma ba zai gwada ba sai ranar, don mamakin ya zo wa kowa lokaci ɗaya, har da shi.

Ba a daɗe ba ya zo ya matsa sai na bi shi na ga darasi da idona. Na bi shi gidan abincin Madam Nneka, don in samu abin faɗa. Mai zuba abinci a kantar Oluchi ce, haifaffiyar Sabon Gari, ni nake mata kitso. Tana ganinsa ta ce, "Oga Dokta ya iso," sauran ma'aikatan suka sunkuyar da kai suna dariya. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har da ɗaga musu hannu.

Ga alala a wurin, ga wake, ga gasasshen kifi, ga ruwan gora. Bai ko kalle su ba. Na nuna masa, ya ce waɗannan ai ko a tasha ana samu, ina ilimin yake a ciki? Ya sa aka zuba masa soyayyiyar shinkafa, cinyoyin kaza biyu, soyayyen dankali, sannan ya ɗaga yatsa.

"Yanzu ki kalli sirrin. Oluchi, salak!"

Ta ɗebo kabeji da karas ta ɗora a kai.

"Kirim!"

Ta zuba farin kirim ɗin nan mai maiƙo.

"Ƙara. Ai sai da shi ganyen ke wucewa."

Ta ƙara har kabejin ya ɓace. Muka zauna. Ya ce, "Ganye yana kashe mai, Yaya. In suka haɗu a ciki, ganyen ya kama man ya fita da shi. Don haka gwargwadon kazar da za ka ci, gwargwadon salak ɗin da za ka ɗora."

"In ka ci kaza goma fa?"

"Sai ka ɗora salak goma. Ka tashi kamar ba ka ci komai ba."

Ya ɗauki cinyar kaza ya ɓare fatar a hankali, ya ajiye a gefen faranti, ya ce duk sharrin kaza a fatarta yake. Na ce to wannan kam na taɓa ji. Ya jawo tishu ya riƙa ɗaukar dankali ɗaya-ɗaya yana goge masa jiki kamar jariri ya fito daga wanka. Ya ƙi lemon kwalba, ya ce guba ne, ya sa aka kawo masa babban kwalin jus, ya nuna mini hoton mangwaro a jiki, ya ce, "Kin gani? Itace." Ya shanye tas.

Da ya share farantin, sai na ga hannunsa ya koma gefe. Ya naɗe fatar nan ya jefa a baki.

"Mahfuz! Ba ita ce sharrin ba?"

"In aka ci tare da naman. Yanzu ita kaɗai ta shiga, ba ta da abokin haɗa baki. Kuma almubazzaranci haramun ne, ke ma kin sani."

Ni alala ɗaya na ci na sha ruwa, na tashi ina salati. A bakin ƙofa ya sayi mitfai biyu, gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki, wai na hanya, ya ce ba a ƙirga abin da aka ci a tsaye, don kai tsaye ƙafa yake sauka.

Daga nan labari ya riƙa iso ni har gida. Duk ranar da Oluchi ta zo kitso, kafin in tsefe mata kai ta cika mini kunne.

"Anti, ƙanenki zai kashe mu. Yanzu ya ce babban faranti ne ke sa ƙiba, sai a ƙaramin faranti zai ci. Ya ci ya dawo, ya ci ya dawo, har mai wanke-wanke ta ce za ta bar aiki. Madam ta daina ajiye tishu a tebur saboda shi. Jiya ya ce shawarma kabeji ne aka yi wa zani, ya ci uku. Askirim kuma wai sanyinsa yana daskarar da kitse ya hana shi yawo."

Abin bai tsaya a cikinsa ba, sai ya fara wa'azi. Ya riƙa zagaya tebur yana leƙa farantin mutane. Ranar nan ya tsaya a kan Wilson, wani ƙaton bakanike da ke sayen kaya a shagon Akram, mutumin ya wuni a ƙarƙashin mota ya zo ya sayi kazarsa zai ci. Mahfuz ya sa hannu ya ɓare masa fatar.

Wilson ya ce, "Oga, lafiya?"

"Ceton ranka nake yi."

"To ajiye mini fatata."

"Ba za ka iya da ita ba, ba ka san ƙa'idarta ba." Ya jefa a bakinsa.

Oluchi ta ce sai da mutum uku suka riƙe Wilson. Yana ta ihu, "Ku bar ni in ga inda ya ajiye lafiyar! Mutum kamar tankar ruwa zai koya mini cin abinci?" Mahfuz kuwa ya fito yana gyara hula yana cewa haka aka yi wa duk wanda ya kawo sabon ilimi.

A unguwa kowa ya ga abin da ke faruwa, ban da mai shi. Wuyansa ya haɗe da haɓa. Agogonsa ya daina ɗauruwa, ya ce fatar agogon ce ta tsuke. Monday mai keke, wanda ke kai shi Sabon Gari kullum, ya ce masa ya riƙa zama a tsakiya don keken na karkacewa. 'Yan majalisar ƙofar gidanmu in ya wuce sai su ce, "Dokta, ana ta ramewa?" Ya ce, "Kumburin bankwana ne. Kitse in zai fita sai ya taru a waje ɗaya tukuna."

Akram da kansa ya same shi a gabana, ya ce, "Mahfuz, don Allah ka gwada rigar nan tun da sauran lokaci. In ba ta yi ba mu san abin yi. Ka san abin da na sha a gida a kanka."

Mahfuz ya dafa kafaɗarsa. "Ango, ka ji da amaryarka. Ni dai fargabata ɗaya, kada rigar ta yi mini yawa." Kuma don ya ƙure masu dariya, shi ya dage a yi liyafar rana a babban ɗakin taron Madam Nneka, wai a inda aka yi aikin a nan za a ga sakamako.

Ranar biki aka ɗaura aure da safe, maza duk cikin fararen kaya, anko sai wurin liyafa. Ina ɗaki ina ɗaura ɗankwali sai ga Mahfuz ya faɗo ba sallama, cikin babbar riga, gumi har gemu, leda a hammata. Ya tura ƙofa.

"Yaya, Sikiru ya cuce ni."

"Me ya yi?"

"Ya rage awon da na ba shi. Ko kuma shaddar ce ke tsukewa in ta daɗe a leda. A ƙirji ta tsaya."

Na zauna a bakin gado na yi dariya har ɗankwalin ya faɗi. Ya bari na gama, sannan ya rage murya.

"Yadda kuke ɗaure wa mai jego ciki da zani, ya koma ya lafe. Ki yi mini."

"Me ka haifa?"

"Yaya, don girman Allah. Ana jirana."

Ya ce don Allah, kuma ƙanena ne. Na buɗe akwati na ɗauko tsohon zanina mai ƙarfi, shuɗi mai zanen tattabaru, wanda duk matan unguwa suka san ni da shi. Ya tuɓe ya rage singileti, ya kama ƙarfen taga. Na naɗa, na sa gwiwa a bayansa, na ja. Ban ɓoye muku ba, na ja har da na tuwona da ya raina. Yana nishi yana cewa, "Ƙara! Ƙara!" har muryarsa ta koma ta ɗan akuya. Na ƙulle a baya. Tumbin bai tafi ko'ina ba, sama ya hau ya taru a ƙirji.

Na ce, "To sa rigar mu gani."

"A'a, in na sa a nan ba zan iya zama a keke ba. A can zan sa, in fito su gani." Ya mayar da babbar rigarsa, ya fita yana tafiya a sandare.

Ɗakin taro ya cika. Dangin amarya a gefe, mu a gefe, mutanen Sabon Gari da Akram ke hulɗa da su duk sun zo, har da Wilson da Monday da Sikiru. Abokan ango sun jeru cikin ruwan zuma gwanin sha'awa. An shirya dogon tebur na abinci a tsakiya, da wani ƙaton tire na salak wanda Mahfuz ya sa aka yi musamman. Na hango shi a bakin kanta yana tura shawarma a tsaye, wai ya samu ƙarfin shiga riga. Daga nan ya ɗauki ledarsa ya shige lungun wanke hannu, wanda labule kawai ya raba shi da jama'a.

Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika. "Yanzu muna gayyatar babban abokin ango, Malam Mahfuz, ya zo ya tsaya kusa da amininsa!"

Aka yi tafi. Shiru.

"Malam Mahfuz!"

Labulen ya motsa. Aka ji wani gurnani daga ciki. Akram ya fara duban ƙasa.

"Babban aboki, ana jiranka!"

Sai labule ya yaye. Innalillahi! Abin da ya fito ba shi da kai. Hannuwa biyu a miƙe sama cikin hannun riga, kamar wanda 'yan fashi suka tare. Kaftanin ya rufe fuska, ya sauko ya cije a hammata, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Daga nan zuwa ƙasa kuwa singileti ne da zanina, tattabaru a fili. Ya ɗauka in ya yi tafiya rigar za ta zame ta sauka da kanta, shi ya sa ya fito yana tsalle ƙanana-ƙanana.

Kiɗa ya tsaya. Wata maƙwabciyata ta taɓo ni, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Halima Sadiya, wancan ba zaninki ba ne?" Na ce ban taɓa ganinsa ba.

A tsalle na gaba ƙullin ya kwance. Shawarmar ce ta ƙarasa shi. Zanin ya fara warwarewa yana jan ƙasa, tumbin ya dawo mazauninsa gaba ɗaya, har sai da matan gaba suka ja kujera baya. Mahfuz ba ya gani, ya nufi inda yake jin muryar mai gabatarwa. Bakin zanin ya bi ta gaban Wilson. Ni dai na ga Wilson ya dubi zanin, ya dubi sama, ya ɗora takalminsa a kai. Mahfuz ya juya sau ɗaya, ya juya sau biyu, ya tafi da baya ya zauna daram a cikin tiren salak. Teburin ya ɗaga ƙafa. Kaza da shinkafa suka bi shi.

Aka yi kansa. Monday ya kama hannuwan rigar yana ja sama, wasu abokan ango suka kama gindinta suna ja ƙasa, kowa na ihu a ja ta wajensa. Daga cikin rigar muryarsa ke fitowa a toshe.

"Kada a yaga! Saura kaɗan ta shiga! A shafa mini mai a kafaɗa!"

Wilson ya sunkuya daidai inda kunnensa yake. "Oga Dokta, mai ba kyau ga lafiya. In kawo kabeji?"

Ɗakin ya fashe. Har kakar amarya sai da aka riƙe ta. Ni kuwa kunya ta sa na ruga lungun na ɗauko babbar rigarsa na rufa masa a ciki, na shiga goge kirim da miya da ita, ban yi tunanin ita kaɗai ta rage masa ba.

Can sai muryar ta canza. "Numfashi... ba na numfashi..." Dariya ta ragu. Sikiru ya matso ya taɓa ɗinkin hammata, ya girgiza kai, ya dubi ango. Akram ya daɗe yana kallon shaddar nan da ya je har Kano ya ɗauko. Sannan ya ce, "Yanka."

"Kada ka yanka!" in ji rigar. "Akram, kada ka bari!"

Oluchi ta miƙo almakashin da suke yanka kaza da shi. Sikiru ya sa daga wuya ya tsarge har ƙasa, ƙarar ta cika ɗakin. Kan Mahfuz ya fito, ido ja, kabeji a gira. Ya ja iska ya ja, ya dubi jama'a, kuma wallahi abin da ya fara cewa shi ne, "Kun gani ai, da an ƙara mini mako ɗaya..."

Akram ya juya ya koma kujerarsa.

Ba a barin mutum da singileti a gaban surukai. Babbar riga ta zama tsumma. Madam Nneka ta shiga ciki ta fito da rigar babban kukunta, ja mai hoton zakara a ƙirji, ita kaɗai ce za ta shige shi. Ya sa. Ta yi masa daidai kamar don shi aka ɗinka.

Aka share wuri, aka ci abin da ya tsira, aka zo hoto. Mai hoton baƙo ne, dangin amarya suka zo da shi, kuma yana waje yana ɗaukar motoci lokacin da aka yi abin. Ya jera 'yan ruwan zuma, ya ce ina babban aboki. Akram bai ɗaga kai ba ya ce, "Husaini, zo nan." Husaini ya zo ya tsaya a dama yana gyara wuyan riga.

Mahfuz ya matso a hankali ta gefe, yana neman inda zai raɓa. Mai hoto ya daka masa tsawa, "Kai mai abinci, ba ka ga ana aiki ba? Matsa can!" Kafin ya buɗe baki wata gwaggon amarya ta ɗora masa tire cike da faranti a hannu, ta ce ya kai ciki kuma ya dawo da ruwan sanyi. Ya tsaya riƙe da tiren yana kallon Akram. Akram yana kallon kyamara. Aka ɗauka.

Bayan biki ya lafa na ce ya zo ya raka ni mu gaida amarya, ko a samu a wanke abin. Ya bi ni ba gardama. Muka tarar da wani kawun amarya a falo, dattijo, bai samu halartar bikin ba, ya zo ganin ɗaki. Akram ya gaishe mu sama-sama, aka kawo ruwa. An riga an kafa babban hoton a bango. Kawu ya tashi ya sa tabarau yana bin fuskoki ɗaya-ɗaya, Akram na faɗa masa sunaye. A can ƙarshen gefe, inda firam ya yanke, ga rabin jar riga, ga tumbi, ga hannu riƙe da tire. Ba kai.

Kawu ya ɗora yatsa a wurin. "Wannan fa?"

Akram bai waiwayo ba. Ya ce, "Ma'aikacin wurin ne, Kawu."

"Lalle, da gani ba ya wasa da abincin gidan." Ya yi dariyarsa ya koma ya zauna. Sai ya dubi Mahfuz ta saman tabarau. "Kai kuma ɗana, an ce kai ne aminin ango, amma ban gan ka a hoton ba. Tafiya ka yi?"

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa. Tausayinsa ne ya kama ni, ban kuma ji daɗin hakan ba. Mahfuz ya juya kofin da ke hannunsa, ya dubi Akram, ya dubi bango.

Ya ce, "E, Kawu. Tafiya na yi."